Ra'ayinmu: Masanin Kogi Daga Ajin Firamare Yake Tasowa

Kowace shekara, tun kafin hadarin farko ya taso daga gabas, hukumomi biyu na gwamnatin tarayya sukan fitar da sanarwar da ta shafi kowane gida a wannan yanki namu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan bayyana hasashenta na damina: yaushe ruwan shuka zai sauka a kowace jiha, yaushe zai ɗauke, kuma ina ake fargabar tsaikonsa a tsakiyar damina. Ita kuwa hukumar da ke lura da koguna da tafkuna, NIHSA, takan jero jihohi da ƙananan hukumomin da take hangen ambaliya za ta iya shafa. Kowace shekara kuma, idan marka ta kankama, mu malaman firamare mukan ga sakamakon da idanunmu, domin ajujuwanmu ne masaukin farko na waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. A tattara bencina a jingine a bango, a shimfiɗa tabarmi, komawa makaranta a watan Satumba ta gagara sai yadda hali ya yi. Saboda haka idan muka sa baki a zancen ruwa da ƙasa da iska, ba shisshigi muka yi ba.

Manya daga cikinmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. A 2012 Binuwai da Neja sun yi toroƙo bayan ruwa mai yawa da kuma sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, mutum fiye da 360 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya mamaye wani babban yanki na birnin Maiduguri, shekara 30 cif bayan makamanciyar wannan ambaliya ta 1994. A watan Mayun 2025 ruwa ya auka wa garin Mokwa da asuba, ya tafi da rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan kowane irin wannan iftila'i akan kafa kwamiti, a raba buhunan shinkafa da katifu, a yi jaje. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane ne zai auna kogin kafin ya cika, ya karanta ƙasar kafin ta zaizaye, ya gaya wa mai unguwa inda bai kamata a yanka filaye ba? Wannan aikin masana ne, kuma ilimi ne da ake koyo a jami'a shekara da shekaru. Matsayin wannan mujalla shi ne, yankinmu yana bukatar 'ya'yansa a cikin wannan fage fiye da yadda yake tura su, kuma hanyar da za ta kai su can daga ƙofar ajinmu ta fara.

Abin da ake karantawa

Yawancinmu mun san labarin ƙasa a matsayin darasin haddace sunayen manyan birane da tsawon koguna. A jami'a abin ya wuce nan nesa. Fannin ya kasu gida biyu: ɓangaren da ke nazarin mutane da garuruwa da kasuwanci, da ɓangaren da ke nazarin halittar ƙasar kanta, wato duwatsu da ruwa da iska da turɓaya da tsirrai. A kan wannan na biyu muke magana. Ɗalibi yakan shafe shekara huɗu a digirin farko, inda yakan fara da ɗanɗana kowane reshe, sannan a shekarun ƙarshe ya karkata ga ɗaya ya rubuta kundin bincikensa. Ƙwarewa ta haƙiƙa kuwa sai a digiri na biyu da digirin digirgir, lokacin da mutum zai ɗauki kogi guda ko kwari guda ya zauna a kansa har ya san shi ciki da bai.

Mu fara da nazarin ruwa, tunda shi ya fi taɓa mu. Mai wannan fanni yana bin ɗigon ruwa tun daga saukarsa: nawa ne ƙasa ta shanye, nawa rana ta ɗauke, nawa ya gangara kogi, kuma cikin awa nawa zai isa gari na gaba. Kogin Haɗeja kaɗai ya isa misali. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka haife shi, shi kuma ya gangara ya sadu da kogin Jama'are, suka zama Komadugu Yobe mai zubawa a tafkin Chadi. A da, ruwan damina kan malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ya ja baya da rani, ya bar wa manomi damshi, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa makiyayi ciyawa. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sauya: malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani. Wannan yanayi ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta toshe magudanai, ruwa ya bar hanyarsa ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma a can ƙasa suka rasa na ban-ruwa. Madatsun sun samar wa Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da kewayenta, wannan ba abin musu ba ne. Amma auna ribar sama da asarar ƙasa, da tsara ranar da za a saki ruwa da adadin da za a saka, aiki ne na wanda ya karanci kogin tun daga tushensa har bakin tafki.

A wannan fanni ne ɗalibi ke koyon wani lissafi da ya kamata kowane mai yanka fili ya sani. Idan masana suka ce wuri yana cikin yankin ambaliyar shekara 100, mutane sukan ɗauka cewa in ta zo bana, to an huta sai jikoki. Ma'anar ba haka take ba. Abin nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, ko da ta auku bara. Wanda ya gina gida a irin wannan wuri ya zauna shekara 30, yiwuwar ruwa ya same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan ɗaya cikin huɗu. Kuma ba a isa ga wannan lissafi sai da bayanan da aka tara shekaru masu yawa, wani yana zuwa bakin kogi kullum yana duba ma'auni yana rubutawa.

Akwai kuma nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma duk wanda ya ga an kafa injin haƙa rijiyar burtsatse an tashi ba ɗigo ya san maganar tana da sharaɗi. Yawancin ƙasar Kano da Kaduna da kudancin Katsina a kan tsohon dutse mai tauri take, inda ruwa ke maƙalewa a cikin tsaguwar dutsen da kuma ruɓaɓɓen samansa. Sai a samu a nan, a rasa a taku hamsin gaba. Gabashin Jigawa da Yobe da Borno kuwa a kan shimfiɗun yashi da laka na kwarin Chadi suke, masu riƙe ruwa hawa-hawa, har akwai inda aka haƙa ruwan ya yi tsartuwa da kansa ba tare da famfo ba. Yankin Sakkwato da Kebbi ma yana da nasa shimfiɗun da suka miƙa har cikin Nijar. Masani yana auna ƙasa da na'ura kafin a kafa inji, yana kuma iya faɗin ko yawan rijiyoyin da ake haƙawa a unguwa ɗaya ya fi ƙarfin abin da damina ke mayarwa.

Reshe na gaba shi ne nazarin siffar doron ƙasa, wato yadda tuddai da kwaruruka suka samu da yadda suke sauyawa. A idon mai wannan ilimi Dala da Goron Dutse saura ne na wata tsohuwar shimfiɗa da zaizaya ta cinye kewayenta, marmarar da ke kansu ta kare su. Kufena da Kwatarkwashi duwatsu ne masu tauri da suka tsira bayan ƙasar da ta rufe su ta wanke. Jigayin da ake nomawa a Jigawa tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamani mai tsananin fari, daga baya tsirrai suka ɗaure su. Waɗanda ke Yusufari da Yunusari kuwa har yau suna motsi. Akwai wani dogon tudu da ya ratsa ta Maiduguri ya nufi Bama, wanda bincike ya nuna gaɓar tsohon tafkin Chadi ne a lokacin da ya fi na yanzu girma ninkin ba ninkin, shekaru dubbai da suka wuce. Wannan ba labarin nishaɗi ba ne kawai. Da irin wannan sani ake gane dalilin da kwazazzabai ke cin unguwanni a Gombe, da wurin da hanya ko kwalbati za su daɗe, da wurin da ruwa zai koma ko an daɗe, domin ruwa ba ya manta hanyarsa.

Nazarin yanayi shi ne ke bayyana abin da kakanninmu suka sa wa suna bazara da damina da kaka da hunturu. Iska biyu ce ke kokawa a kanmu: mai damshi da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Inda suka haɗu yana hawa arewa daga bazara, ya kai ƙarshensa wajen Agusta, sannan ya koma kudu. Shekarar da ya makara ko bai hau sosai ba, ita ce shekarar da gero ke bushewa a tsaye, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Shi kuma hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, yake sa yaranmu tari a aji, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, wanda shi ma busasshen gindin wancan tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Bayan farin shekarun 1970 ne ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin horar da masanan yanayi da ruwa da za su hango irin wannan masifa kafin ta iso.

Sai nazarin ƙasar noma da tsirrai, wanda a yau ba ya rabuwa da hotunan tauraron ɗan'adam da taswirar kwamfuta. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kowa na iya sauke hotunan kyauta. Nijeriya ma ta harba tauraronta na farko a 2003. Da irin waɗannan hotuna ne aka tabbatar tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Da su ne kuma aka gano bai ci gaba da ƙafewa ba kamar yadda ake yawan faɗa. Yana cika yana ja gwargwadon ruwan da kogunan Shari da Logon suka kawo masa daga kudu. Mafi daɗin ji shi ne abin da aka gano a jihohin Maraɗi da Damagaram. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai suka ga manoma sun raya itatuwa, musamman gawo, a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon da ke fitowa a gona su yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi. Manoma ne suka yi aikin, masana suka auna shi suka nuna wa duniya, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Wannan misali yana tuna mana cewa ilimin jami'a bai zo don ya raina na gida ba. Manomin da ya bambanta jigawa da dabaro da jangargari da faƙo, ya san wadda ke son gyaɗa da wadda ke son dawa, ya riga ya fara nazarin ƙasa. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da labarin ƙasa sama da shekara 20 a Zariya da Kano, sunansa ya fito ne saboda ya zauna da manoman kewayen Kano da na ƙauyukan arewa maso gabas, ya nuna yadda taki da itatuwan gona da haɗa shuka suka riƙe ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu. In baƙo ya iya wannan, ina ga ɗan gida da ya tashi yana jin harshen manomin, ya san lokacin da rafin garinsu ke kawo ruwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda gizo ke saƙar

Wuraren karatun suna nan kusa da mu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, duk suna da sashen labarin ƙasa da ke kai ɗalibi har digirin digirgir. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta yi suna a nazarin yanayi da hotunan tauraron ɗan'adam. A Kaduna akwai cibiyar ƙasa ta horarwa kan albarkatun ruwa. Ƙofa a buɗe take, masu shiga da niyya ne suka yi ƙaranci.

Dukanmu mun san yadda ake kallon fannin. Yaro mai ƙoƙari, tun yana aji huɗu ake kiransa likita ko injiniya, yarinya kuma likita ko lauya. Labarin ƙasa ya zama kwas ɗin da ake tura wanda makinsa bai kai ga abin da ya nema ba, ya shiga yana gunaguni, ya fita yana neman kowane irin aiki. Wanda ya shiga a haka da wuya ya zaɓi reshen da ke bukatar kwana a bakin kogi da awon laka a ɗakin gwaji. Ga shi kuma darasin ba shi da sa'arsa ta kansa a jadawalin firamare; an warwatsa shi cikin darasin zamantakewa da na kimiyya, a babbar sakandare kuma zaɓi ne. Yaro na iya gama shekara 12 a makaranta bai taɓa riƙe taswirar ƙaramar hukumarsa ba.

Babban shingen kuwa lissafi ne. Waɗannan rassa da muka lissafa duk a kansa suke tsaye, tare da fiziks da kemistiri da sarrafa kwamfuta. Lissafi yana cikin kiredit biyar da ake nema kafin shiga, kuma ko an shiga, wanda bai iya kaso da ma'auni da zana jadawali ba zai kauce wa nazarin ruwa da yanayi ya nemi inda babu lamba. Tsoron lissafi kuwa ba a jami'a yake kama yaro ba. A aji uku da aji huɗu yake kama shi, ranar da aka wuce rabawa bai gane ba, aka ci gaba. Nan ne aikinmu ya haɗu da na farfesa.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya: in ya gama, ina aikin? Ba za mu yi wa kowa alƙawarin da ba mu da ikon cikawa ba, domin takardar digiri kowace iri ce ba ta zama tabbacin albashi a ƙasar nan ba. Amma guraben da ke neman wannan ƙwarewa sanannu ne: NiMet da NIHSA, da hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da na Sakkwato da Rima, da na kwarin Chadi, da hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jihohi, da hukumomin taswirar filaye irin su KANGIS da KADGIS, da hukumar da ke kula da shirin babbar ganuwar itatuwa, da kamfanonin haƙa rijiyoyi da na gina hanyoyi. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka ba sa jira. In ba a sami ƙwararre a gida ba za a ɗauko daga wani wuri, ya yi wata uku ya rubuta rahoto ya tafi, mu kuma mu zauna da kogin.

Wasu kuma za su ce ambaliya da fari ƙaddara ce. Haka ne, babu mai ja. Amma wanda ya yi imani da ƙaddara shi ne kuma yake yaɓe soronsa kafin damina, yake gyara indararo. Auna kogi da kauce wa hanyar ruwa yaɓen soro ne na gari baki ɗaya.

Abin da ke hannunmu

Ba ma bukatar jiran sabuwar manhaja ko kwangilar kayan gwaji kafin mu fara. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa ma'aunin ruwan sama. A kafa shi a fili nesa da bango da itace, a sa yara biyu su auna kowace safiya su rubuta, a samu na kusa da makaranta su riƙe aikin lokacin hutu. A ƙarshen wata a tara, a zana jadawali a allo. Daga nan lissafi ya samu ma'ana: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, ke nan a kan hekta guda lita 10,000 ce. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50 ya zuba lita 500,000 a hekta, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai tambayi kansa ina duk wannan ruwa ya tafi, kuma wannan ita ce tambayar farko ta masanin ruwa.

A cika kwalba da ƙasa da ruwa, a girgiza, a ajiye a taga. Yashi zai fara kwantawa, mai laushi ya biyo baya, laka ta daɗe tana yawo a sama. A sa kowane yaro ya kawo ƙasar gonarsu a gwada, a tambaye shi sunan da mahaifinsa ke kiranta da shi. A cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa ɗaya tsirara, a karkata su a zuba ruwa da buta, yara su ga wanne ya fi zubar da jan ruwa. In akwai kwazazzabo kusa, malami ya kafa turaku nesa da bakinsa kafin damina, a sake aunawa da kaka a ga taku nawa ya ci. A kafa sanda a tsakar makaranta a riƙa auna inuwarta da tsakar rana wata-wata. A sa 'yan aji shida su zana taswirar hanyarsu daga gida zuwa makaranta, su nuna inda ruwa ke kwanciya. A gayyato tsohon manomi ko masunci ko mai haƙar rijiya ya yi wa yara bayanin yadda rafin garin yake a ƙuruciyarsa. Kuma a duk waɗannan a sa 'yan mata a gaba tare da maza. A gidaje da yawa su ne suka fi kowa sanin watan da rijiya ke ja da nisan da ake yi kafin a cika tulu, bai dace a ce sai an zo aunawa da rubutawa a mayar da su 'yan kallo ba.

Kiranmu

Ga shugabannin reshenmu, muna ba da shawarar a ware zama guda a taron ƙara wa juna sani na wannan zango domin koyar da waɗannan gwaje-gwaje, a kuma zaɓi makaranta ɗaya a kowace mazaɓa ta fara ajiye littafin ruwan sama. Littafin da aka riƙe shekara 10 ba tare da yankewa ba dukiya ce da ɗalibin jami'a zai zo nema da ƙafarsa.

Ga 'yan'uwa malamai masu takardar NCE, musamman waɗanda suka haɗa da labarin ƙasa ko lissafi ko kimiyya a kwaleji, muna tunatar da ku cewa akwai hanyar shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu. Shekaru ba su hana ba. Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi su sauƙaƙa hutun ƙaro karatu ga masu wannan niyya, su kuma samar wa kowace makaranta taswirar jiha da ta ƙaramar hukuma da za a rataye a aji.

Ga sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu, ɗalibanku suna fita aikin fili kowace shekara, suna ratsa ƙauyukan da makarantunmu suke. Ku tsaya awa ɗaya ku nuna wa yaranmu na'urar da kuke ɗauke da ita, ku buɗe musu hoton garinsu daga sama. Abin da kuka gano game da rafinsu da ƙasarsu kuma ku taƙaita shi da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci a shafi biyu, ku bar wa shugaban makaranta da mai gari. Ga hukumomin bayar da tallafin karatu na jihohi, ku sa nazarin ruwa da yanayi da ƙasar noma cikin fannonin da kuke fifitawa, har zuwa digiri na biyu da na uku, kamar yadda kuke yi wa likitanci.

Ga iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta ce tana son karanta labarin ƙasa, kada a ce mata ta yi asarar maki. Likita yana warkar da wanda kwalara ta kama bayan ambaliya, kuma muna bukatarsa. Wanda ya hana a gina unguwar a kan hanyar ruwa tun farko shi ma rai ya ceta, ko da ba wanda zai san sunansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke aji huɗu a bana, in Allah ya raya shi ya kuma ba shi dama, zai iya kammala digirinsa na biyu nan da shekara 15 ko 16. Madatsun da aka gina a shekarun 1970 a lokacin sun haura shekara 60, garuruwanmu sun ƙara faɗaɗa zuwa cikin fadamu, rijiyoyi sun ƙara yawa. Za a bukaci wanda zai hau kan madatsar ya duba, ya koma ofis ya yi lissafi, ya fito ya gaya wa hukuma da jama'a gaskiya da harshen da za su ji. Ko za a same shi a cikin 'ya'yanmu ko ba za a samu ba, wani ɓangare na amsar yana ga abin da za mu koyar a wannan zango. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da na fari.